Raghurajpur ko Naya: Wanne Ƙauyen Masu Zane Ya Kamata Baƙo Ya Zaɓa a Gabashin Indiya?

Duk wanda zama ya kama shi a Indiya na wasu makonni, ko don karatu, ko don fatauci, ko don rakiyar majinyaci, yakan samu kwana biyu ko uku da ba shi da wani uzuri a cikinsu, kuma yawancin mutanenmu kan ƙarar da waɗannan kwanaki ne tsakanin kasuwa da ɗakin masauki. Ga mai sha'awar aikin hannu kuwa, akwai ƙauyuka biyu a gabashin ƙasar da suka isa a ba su wannan lokaci. Na farko shi ne Raghurajpur da ke jihar Odisha, na biyu kuma Naya da ke yankin Pingla a jihar Bengal ta Yamma. A dukkansu kusan kowane gida akwai mai zane, kuma sana'ar tasu suna ɗaya take amsawa, wato patachitra, kalmar da ta samo asali daga harshen Sanskrit, inda "pata" ke nufin ƙyalle, "chitra" kuma hoto. Wannan tarayyar suna ce ke sa baƙo ya ɗauka cewa wanda ya ga ɗaya ya ga ɗayan, alhali kuwa tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta nisan hanya. Ra'ayina, wanda zan kafa wa hujja a ƙasa, shi ne cewa mai yini ɗaya tak ya nufi Raghurajpur, amma wanda zai iya kwana, Naya ce ta fi dacewa da shi.

Raghurajpur ba shi da wuyar zuwa, kuma wannan shi ne babban abin da ya fi Naya da shi. Yana da nisan kimanin kilomita 14 daga birnin Puri da ke bakin teku, kusa da garin Chandanpur, a gefen kogin Bhargavi, cikin itatuwan kwakwa da na mangwaro. Wanda ya sauka a filin jirgin saman Bhubaneswar zai iya isa ƙauyen cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, domin yana dab da babbar hanyar da ta haɗa biranen biyu. Ƙauyen kansa gidaje ne ɗari da 'yan kai, an jera su sahu biyu suna kallon juna, ga ƙananan ɗakunan bautar Hindu a jere a tsakiya, ga bangon kowane gida an cika shi da zane tun daga dokin ƙofa har zuwa ƙarƙashin rufi. A shekarar 2000 aka zaɓe shi ya zama ƙauyen kayan gado na farko a jihar, bayan wani aikin bincike da ƙungiyar INTACH mai kula da kayan tarihin Indiya ta yi a wurin, kuma tun daga lokacin ƙafar baƙi ba ta ɗauke ba.

Abin da ya kamata mutum ya zuba wa ido a Raghurajpur shi ne yadda ake shirya ƙyallen tun kafin a ɗiga masa launi, domin a nan ne rabin wahalar take. Ana jiƙa 'ya'yan tsamiya, a niƙa su, a dafa har su zama kunu mai danƙo, sannan a manne ƙyallen auduga biyu da shi. Idan ya bushe sai a shafe shi da garin alli da aka dama da wannan kunun, a sake shanyawa, a goge shi da dutse mai kaushi, a bi da mai santsi, har ya koma kamar jemammiyar fata a hannu. Launukan gargajiya ma duk daga ƙasa da ruwa suke fitowa: fari daga ɓawon katantanwar teku da aka daka, baƙi daga kunkunniyar fitila, ja da rawaya daga wasu duwatsu da ake niƙawa, sannan a haɗa kowanne da ƙaron wata itaciya don ya kama. Na zauna a barandar wani dattijo ina kallon sa yana ja wa fuskar wani hoto baƙin layi na ƙarshe da alƙalamin gashi wanda bakinsa bai kai kaurin zare ba. Bai yi magana ba, bai kuma ɗaga kai ba, kuma na lura yana riƙe numfashinsa duk lokacin da layin ya zo kwanar ido, sai ya sauke hannu sannan ya saki. Irin wannan natsuwa ce ke haifar da kyan aikin ƙauyen, inda ba a barin ko da faɗin farce babu ado, kuma ba a ɗaukar zane a matsayin kammalalle sai an kewaye shi da dajiyar furanni.

Akwai kuma wani aiki na biyu da zai burge Bahaushe musamman, wato zane a kan ganyen wani nau'in giginya, ɗan uwan wadda muka sani a gida. Ana yanka busasshen ganyen tsaga-tsaga, a ɗinke su da zare yadda za su naɗe kamar mafici, a ƙarce hoton da tsinken ƙarfe, sannan a shafa baƙi a goge, sai baƙin ya zauna cikin ƙarcen kawai, hoton ya fito kamar an buga shi. Ban da wannan suna yin zane a kan kwakwa da ƙananan 'ya'yan itatuwa, da fuskokin wasa na takarda, da wata karta mai siffar faifai da ake kira ganjapa.

Tushen sana'ar Raghurajpur yana manne da babban ɗakin bautar Jagannath, ɗaya daga cikin allolin Hindu, da ke Puri, kuma wanda bai san wannan ba, ba zai gane abin da yake kallo ba. Kowace shekara, bayan bikin wankan gumakan wurin, akan ɓoye su na kimanin kwana goma sha biyar, kuma a wannan tsakanin zane-zanen patachitra ake kafawa a madadinsu. Haka kuma tun da daɗewa masu ziyarar ibada kan sayi ƙananan zane su koma da su gida a matsayin tsaraba. Lokacin da hotunan bugun inji masu araha suka cika kasuwa, sana'ar ta kusa mutuwa, har masu zane da dama suka koma leburanci, sai a farkon shekarun 1950 wata mata mai suna Halina Zealey, wadda ta zo da wata ƙungiyar agaji ta Amurka, ta taimaka wajen nemo musu masu saye a manyan birane. Wannan tarihi ya bar alama biyu da baƙo zai gani da idonsa. Ta farko ita ce mafi yawan hotunan na alloli ne da labaran addinin Hindu. Ta biyu kuma ita ce mutanen ƙauyen sun goge da ciniki ƙwarai.

Wannan gogewa ita ce aibin ziyarar, kuma gara mutum ya shirya mata. Tun kafin ka gama sauka daga mota samari za su tarye ka, kowanne yana roƙon ka shiga gidansu ka duba kawai, ba sai ka saya ba, kuma da zarar ka zauna a tabarma aka fara warware maka zane ɗaya bayan ɗaya, kunya za ta hana ka tashi hannu wofi. Ban ga laifinsu ba, domin da wannan suke ci, kuma guguwar Fani da ta afka wa gaɓar Puri a watan Mayun 2019 ta lalata musu gidaje da kayan aiki masu yawa, annobar korona kuma ta biyo baya ta tsayar da baƙi. Sai dai matsin yana rage wa mutum sukunin kallo. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a fara zagaye ƙauyen daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba tare da an shiga ko'ina ba, ana gaisawa ana wucewa, a lura da gidajen da ake ganin mutum zaune yana aiki da gaske, sannan a dawo a shiga biyu ko uku daga cikinsu. Wanda hayaniyar ta dame shi yana iya ƙarasawa Dandasahi, wani ƙauyen masu irin wannan zane da ke kusa, wanda baƙi ba su cika zuwa ba.

Naya kuwa sai an yi niyya. Tana gundumar Paschim Medinipur, kimanin kilomita 130 daga Kolkata, tafiyar awa uku ko fiye a mota. Mai son jirgin ƙasa zai hau daga tashar Howrah da ke dab da Kolkata ya sauka a Balichak, kan layin da ya nufi Kharagpur, daga nan ya nemi motar da za ta shiga da shi cikin gonakin shinkafa. Babu teku a kusa, babu manyan otal, babu wani wurin yawon buɗe ido da za a haɗa da ita a yini ɗaya. Masu zanen ƙauyen sun kai kimanin 250, ana kiran su patuwa, kusan dukkansu kuma suna ɗauke da sunan dangi ɗaya, Chitrakar, wato mai yin hoto.

Zanen Naya bai kai na Raghurajpur laushin hannu ba, kuma wanda ya je da ma'aunin can zai raina shi a kallon farko. Layukansa masu kauri ne, idanun mutane da dabbobi manya, launuka kuma a buɗe suke ba a cika musu ado ba. Dalili shi ne ba don a rataye shi a bango aka ƙirƙire shi ba tun asali. Doguwar takarda ce da ake haɗawa gaɓa-gaɓa, a manna mata tsohon zanen sari a baya don kada ta yage, a raba ta gida-gida daga sama zuwa ƙasa, kowane gida da nasa ɓangaren labari, sannan a naɗe ta kamar tabarma. Kowane naɗi yana da waƙarsa, kuma mai zanen shi ne mawaƙin. A da, patuwa kan saɓa jakar naɗe-naɗensa ya bi ƙauyuka gida-gida, ya warware ya rera, a sallame shi da shinkafa ko 'yan kuɗi, kwatankwacin yadda mawaƙan baka ke yawo a ƙasar Hausa, sai dai shi waƙarsa tana tafe da hotonta. Saboda haka aka yi layin da kauri, don wanda ke tsaye a bayan taro ma ya gani.

Abin da ya sa na fifita Naya ya faru ne a tsakar wani gida bayan la'asar. Wata mata ta ɗauko naɗi, ta riƙe samansa da hannun hagu, ta fara saki da dama a hankali, tana rera waƙa da murya mai ƙarfi, yatsanta na bin hoton da baitin ke magana a kai. Labarin auren kifaye ne, wanda sananne ne a wurinsu: an gayyaci kifayen kogi duka, wannan mai kiɗa, wancan mai ɗaukar amarya, amma aka manta da wani babban kifi, shi kuwa ya fusata ya zo ya haɗiye taron. Ban ji harshen Bengali ba, amma da ta zo amshi sai yaran da ke leƙe ta ƙofa suka ɗauka tare da ita, wata tsohuwa da ke tsince shinkafa a gefe ma ta sa baki ba tare da ta ɗago ba. Ba ta warware gida na gaba ba sai da baitin ya kai wurin, don haka ni da ban san labarin ba na zauna ina jiran abin da zai fito, kamar yaro a gaban mai tatsuniya. A Raghurajpur na ga gwaninta, amma ban samu irin wannan zama ba.

Waƙar ce kuma ta ba sana'ar Naya damar tafiya da zamani. Tun da mai zane shi ke tsara baitinsa, duk abin da ya girgiza duniya yana iya zama naɗi. Sun zana harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, da igiyar tsunami ta 2004, da cutar ƙanjamau, da korona, da batun karatun 'ya'ya mata da dashen itatuwa, kuma hukumomin lafiya sun sha amfani da su wajen wayar da kan mutanen karkara. Mata ne ke riƙe da babban kaso na aikin a yau, alhali a da maza ne ke fita yawon waƙa, mata na gida suna haɗa launi. Launukan nasu kuwa daga lambu suke: rawaya daga gangamau, shuɗi daga wani fure mai yaɗo, kore daga ganye, baƙi daga kunkunniya, a dama su da ƙaron 'ya'yan wata itaciya a cikin ƙoƙon kwakwa. Idan baƙo ya nuna sha'awa, za a kai shi bayan gida a tsinko ganyen a murza a tafin hannunsa ya ga launin da idonsa.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin na san tana zuciyar yawancin masu karatu, ita ce maganar addini. Hukuncin hoto fage ne na malamai, kuma kowa ya san matsayar da yake bi. Abin da zan iya bayarwa shi ne bayanin abin da mutum zai tarar. Raghurajpur ƙauyen Hindu ne, aikinsa kuma ya ginu a kan bautarsu, don haka hotunan alloli ne za su fi yawa a gaban baƙo, ko da yake akwai zanen itaciya mai rassa cike da tsuntsaye, da furanni, da dajiyoyi masu sarƙaƙiya waɗanda za su tuna wa mutum zayyanar bangon gidajen Zariya da Damagaram. Babban ɗakin bautar Puri ba a barin wanda ba Hindu ba ya shiga, don haka ma kada a sa shi cikin lissafi. Su kuwa patuwan Naya yawancinsu Musulmi ne, za a yi maka sallama a amsa maka, amma sun gaji zana labaran Hindu tun kaka da kakanni saboda su ne masu sauraronsu, tare da labaran waliyyan Musulmin Bengal irin su Gazi Pir. Wani zai ji daɗin wannan kusanci, wani kuma abin zai daure masa kai, kuma ina ganin ya fi kyau mutum ya je da niyyar saurare, ya bar gardama a gida, domin baƙo ne shi a gidan mutanen da suka karɓe shi hannu biyu. Ta fuskar sauƙin rayuwa dai Naya ta fi: neman ruwan alwala da wurin salla ba zai zama abin bayani ba, abincin gida kuma shinkafa ce da kifi da miyar wake. A Puri mafita ita ce kifi da abincin ganye, tare da tambaya kafin a karɓi abin da aka raba daga wurin bauta.

Wajen masauki Raghurajpur ya yi gaba nesa ba kusa ba, tun da Puri cike take da otal na kowane aljihu, kuma daga can mutum zai iya haɗawa da tsohon ginin Konark na ƙarni na 13, mai nisan kimanin kilomita 35, ko ya tsaya a Pipili inda ake ɗinkin ƙyalle mai ado. Raghurajpur kuma shi ne mahaifar Kelucharan Mohapatra, wanda aka haifa a 1926, shahararren malamin Odissi, wato rawar gargajiya ta jihar Odisha, kuma har yanzu ana koyar da yara maza rawar gotipuwa, wadda ake yi cikin shigar mata, a wurin. Mai tafiya da iyali, ko da wanda bai gama murmurewa ba, wannan ɓangaren ya fi masa. A Naya akwai ɗakunan baƙi a cibiyar masu sana'ar, wasu gidaje ma suna saukar da mutum, amma komai na ƙauye ne, kuma wajibi ne a yi magana tun kafin a taso, a kuma tafi da fasfo domin dokar ƙasar ta tanadi a yi rajistar baƙon waje a duk inda ya kwana.

Lokacin zuwa ɗaya ne ga duka biyun, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da zafi ya sauka, damina kuma ta wuce. Afrilu da Mayu akwai zafi mai gumi da ya sha bamban da namu na bazara, daga Yuni zuwa Satumba kuma ruwa ne. A watan Nuwamba Naya kan yi bikinta na kwana uku mai suna POT Maya, wanda aka fara a 2010, inda ake sabunta zanen bangaye, a shimfiɗa kaya a kowace ƙofa, a yi ta waƙa har dare. Bikin yana da kyau ga mai son ganin komai a lokaci guda, amma ni na fi son ranakun da ba na biki ba, domin a lokacin ne mai gida ke da sukunin zama da baƙo ɗaya. A guji Puri a lokacin bikin jan manyan karusan Jagannath, wajen Yuni ko Yuli, saboda cunkoson ya wuce misali.

Harshe ma yana shiga cikin zaɓin. A Raghurajpur Odiya ake yi, a Naya Bengali, kuma ɗan Hindin da mutanenmu da yawa suka tsinta daga fina-finai zai taimaka wajen gaisuwa da ciniki a wuraren biyu. Bambancin shi ne zanen Raghurajpur ido kawai yake bukata, amma a Naya rashin tafinta asara ce, tun da rabin aikin yana cikin baitin. Wanda zai je can ya nemi ɗalibi ko direba mai jin Bengali da Turanci ya tafi da shi.

Wasu za su tambayi Madhubani da ƙauyen Jitwarpur a jihar Bihar, inda mata suka shahara da wani salon zanen daban. Wuri ne da ya cancanci ziyara, amma yana can arewa kusa da iyakar Nepal, tafiyarsa daban ce, ba ta shiga wannan lissafi. Su kuwa waɗannan biyun layin dogo ɗaya ya haɗa su, domin jirgin da ke tashi daga Howrah zuwa Puri ta Kharagpur yake bi, don haka mai kwana huɗu ko biyar zai iya fara kwana a Naya, ya wuce Puri, ya ƙare da Raghurajpur. Idan za a haɗa su, wannan jerin ya fi, saboda wanda ya fara cika idonsa da laushin aikin Odisha yakan yi wa na Bengal kallon gaggawa.

Game da sayayya, a riƙe tsabar rupi a hannu, domin biyan kuɗi ta waya da 'yan ƙasar suka saba da shi ba kasafai yake yi wa baƙo aiki ba. A wuraren biyu yanzu akwai masu amfani da fentin kanti, musamman a kan riguna da laima da ƙananan kayan tsaraba, kuma wannan ba aibi ba ne muddin an faɗa maka gaskiya, don haka a tambaya kai tsaye. A Raghurajpur a juya zanen a duba bayansa, a taɓa kaurin ƙyallen, a kuma kawo shi kusa da ido, domin layin hannu yana da ɗan bambancin kauri daga wuri zuwa wuri, na bugun inji kuwa daidai yake ko'ina. Ana taya kaya kamar yadda aka saba, amma zanen da ya ci wa mutum makonni bai kamata a taya shi kamar tumatir ba. A Naya, idan an rera maka waƙa, ka ba da wani abu ko da ba ka sayi naɗin ba, domin haka al'adar take tun asali. Idan kuma ka saya, ka nemi izini ka ɗauki waƙar a wayarka, ka roƙi mai zanen ta rubuta sunanta a baya, sannan ka sa tafinta ya faɗa maka ma'anar kowane gida ka rubuta a takarda. Duk wanda aka saya daga cikin biyun, naɗe shi ake yi, ba a ninkewa, a zura shi cikin bututun roba ko na kwali kafin a sa a akwati, a kuma nisanta shi da danshi, domin launin da aka haɗa da ƙaro yana jiƙewa idan ruwa ya taɓa shi.